Ranar da Tirampet Ɗina Ta Ƙi Amsawa

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da bikin 'yar Baba Ado ba. Baba Ado tsohon ɗan badujala ne a Gwale, shi ya koya mini busa. Ya tsara wani sabon kiɗa na mutum biyu don bikin autarsa: shi zai yi kira da dogon ƙahonsa tirambon, ni in amsa da tirampet. Duk cikin ɗalibansa ni ya zaɓa, kaina kuwa ya yi girma.

Da safen bikin, don rawar kai, na kwance tirampet ɗin na wanke ta tas. Maɓallan nan uku da ake dannawa kowanne da lambarsa da raminsa, amma ni gwani ina ruwana da duba lamba? Na zura su, na goge ta tana ƙyalli, na rufe akwati (ko busa ɗaya ban gwada ba).

Bayan la'asar aka yi tsit, amarya na zaune a gaba. Baba Ado ya yi kiransa, mai taushi. Na cika ƙirji na busa. Shiru! Iska ta ƙi wucewa, kumatuna suka kumbura, idanuna suka firfito. Na tabbata na ɓata wa dattijon nan ranar da ya yi wata uku yana shiryawa.

Ko kallona bai yi ba. Ya sake kiran, ya ja shi, ya kuma sakewa. Da ya tsaya shan iska sai ya ce ƙasa-ƙasa, "Duba lambobin, ɗan nema."

Na juya baya na zaro maɓallan. Ashe na ɗaya yana ramin na uku. Na musanya, na juyo, na amsa. Wallahi ban taɓa jin daɗin ƙarar tirampet kamar ranar ba.

Muna gamawa wata gwaggon amarya ta taho tana share hawaye. "Malam Ado, wurin nan da kake ta kira yaron ya ƙi amsawa, shi ya karya mini zuciya. Haka gidanka zai koma gobe."

"Haka muka tsara shi, Hajiya," in ji shi.

Ya kuwa bar shirun a cikin kiɗan. Yanzu duk inda muka busa shi, sai na tsaya ƙerere ya kira ni sau uku, kuma nan aka fi yabawa. Tun ranar, ko goge ta kawai na yi, sai na busa kafin in rufe akwati.