Rasuwar Gerda, Mai Rufa Mini Asiri a Ɗakin Ƙasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fargaba tun shekaranjiya, ni Carsten Vinther na garin Silkeborg nake sanar da abokaina na ƙungiyar hawan keke ta ranar Lahadi rasuwar kwamfutata, Gerda. Ta cika ranar Talata da ƙarfe bakwai da minti huɗu na yamma, a ɗakin ƙasa na gidanmu, tana da shekara goma sha uku a duniya. Ina gefenta lokacin da abin ya faru. In faɗi gaskiya, hannuna na kanta.

Ku bakwai kaɗai na aika wa wannan sanarwa. Ina roƙon kada wani ya karanta ta a gaban matarsa, kada kuma ya bar wayarsa a kan tebur ya shiga wanka.

Marigayiya ta ci sunan wata gwaggota ce, domin su biyun numfashinsu ɗaya in sun hau aiki. Ba ta taɓa gaggawa ba a rayuwarta. In na kunna ta, ina iya haurawa sama in dafa kofi, in sha rabi, in sauko in tarar tana nan tana gyaran murya. Fankarta kan fara da "hrrr", ta ɗan yi shiru kamar mai tuna wani abu, sannan ta saki "wuuu" mai tsawo wanda ba ya ƙarewa sai an kashe ta. Allonta ya dushe har sai mutum ya zauna daidai gabanta yake ganin rubutu, wanda ya tsaya daga gefe duhu kawai zai gani. A da ina ɗaukar wannan a matsayin aibi. Yanzu na san kunya ce da kawaici.

Babban halinta na gari shi ne rauni. Yawancin wasannin kwamfuta da na saya ba ta iya ɗaukarsu. In na buɗe ɗaya, sai ta yi nishi, allo ya daskare, ta maido ni inda na fito cikin ladabi. Saboda haka shekara da shekaru ina da amsa a bakina ga duk mai tambayar me ya sa ba na buga abin da nake saya: inji ne ba shi da ƙarfi, ina tara su ne kafin ranar da zan yi sabo. Ta ɗauki wannan laifi a kanta ba ta taɓa musu ba.

Wanda bai san gidanmu sosai ba, ga yadda abin yake. Shekara huɗu da suka wuce likita ya saurari ƙirjin matata Vibeke, ya daɗe yana saurara, sannan ya tambaye ta abin da ya kashe mahaifinta. Huhu ne. Muka dawo gida. Da yamma ta ajiye kwalin sigarinta a kan teburin kicin ta ce, "Zan bari, amma ba ni kaɗai ba. Kai ma ka bar sayen waɗannan wasannin naka da ba ka bugawa. Nawa ne yanzu?"

Na sauka na duba. Ɗari huɗu da goma sha biyu.

Ta rubuta lambar a takarda, ta rubuta kwanan wata a ƙasa, ta manna a jikin firji. Ta ce, "Ranar da ka karya naka, ni ma na sami izinin komawa sigari. Ka ji ko, tsohona?" Tana dariya ta faɗa. Na ce na ji, muka yi musabiha kamar 'yan kasuwa.

Vibeke ta riƙe nata. Na ga yadda ta riƙe shi. Ta tauna cingam har haɓarta ta yi ciwo, ta yi wata biyu ba ta barcin kirki, ta taɓa yin kuka a layin biyan kuɗi saboda mutumin da ke gabanta yana warin taba. Ɗakin ƙasa kuwa, inda can ne take shan sigarinta a da, ba ta sake taka matakalarsa ba. Ta ce bangon har yau yana kiranta.

Ni na riƙe nawa kwana tara.

Kun san shagon nan na intanet da ke sauya rangwamensa kullum ƙarfe bakwai na yamma. Mu muna cin abinci ƙarfe shida. Bakwai saura kwata nakan ce zan leƙa injin ɗumama gida, in sauka in kunna Gerda, ta gama shirinta daidai kan lokaci. Sai ga shi: wasan da jiya yake krone ɗari biyu, yau goma sha tara, da ɗan agogo a gefe yana cin daƙiƙoƙi, saura awa ashirin da uku da minti hamsin da tara. Ban taɓa jin cewa saye nake ba. Ji nake ana shirin ƙwace mini wani abu in ban yi sauri ba. In na danna, Gerda kan yi wani ɗan "tik" daga cikin cikinta, ƙirjina ya saki, in haura in wanke kwanoni cikin nishaɗi. Vibeke ta sha yaba yadda nake kula da injin ɗumama gida.

Ku ma kuna da hannu, gara ku sani. Kwalaben da nake kwashewa bayan hawan kekenmu, ina cewa ku bar mini zan mayar shago, ba kirki ba ne. Ɗan kuɗin da injin karɓar kwalabe na shago ke ba ni, da shi nake haɗawa in sayi katin shagon wasanni da tsabar kuɗi, don kada komai ya bayyana a asusunmu na gida.

Marigayiya ta bar marayu, wato wasannina, dubu ɗaya da ɗari uku da tamanin da bakwai. Talatin da ɗaya daga cikinsu na taɓa buɗewa. Akwai wanda ake kiwon awaki a kan dutse. Akwai na gyaran famfo, wanda na mallaka sau biyu domin ya sake fitowa da sabon hoto ban gane shi ba. Akwai guda shida cikin yaren da ban san ko na wace ƙasa ba ne. Akwai wani da mutum ke zama mai gadin fitilar teku, ba abin da yake yi sai jira, wanda na saya don na ji tausayinsa. Ta kuma bar linzamin kwamfuta mai shafaffen maɓallin hagu, da kujera wadda ta ɗauki siffata.

Jinyarta ta fara tun bazara. Ta riƙa kashe kanta ba sallama, bayanta ya yi zafin da ba a taɓawa, "wuuu" ɗin nan ya koma "ƙaƙ-ƙaƙ-ƙaƙ" kamar an sa cokali cikin fanka. Na buɗe gefenta na hura mata iska da famfon tayar keke. Ta ɗan samu sauƙi. Ranar Talata aka sa wani wasan jiragen ƙasa a ragin kashi casa'in cikin ɗari. Ba na son jiragen ƙasa. Na danna. Ta yi "tik", ta yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, kamar an taka busasshen ganye, allo ya mutu, warin ƙonannar roba ya tashi. Na kira sunanta sau biyu. Abin da na fara yi bayan haka, kuma ina jin kunyar rubuta shi, shi ne na ciro waya na duba ko cinikin ya shiga. Ya shiga. Ta cika aikinta kafin ta cika.

Na haura sama. Vibeke na goge tebur, ta ga fuskata ta ajiye tsumma.

"Wa ya mutu?"

Na ce Gerda.

Ban yi tsammanin za ta rungume ni ba. Ta rungume ni, sannan ta buɗe kabad ɗin sama ta sauko da wani gwangwanin biskit da na ɗauka zare da allura ne a ciki. Ta ce, "Kowane mako ina jefa kuɗin sigarina a nan. Da na ce sai ranar haihuwarka, amma tunda tsohuwar ta riga mu, shi ke nan. Shekara huɗu kana zaune da wannan akwalar, ba ka sayi ko wasa ɗaya ba, ba ka yi ƙorafi ba. Ka ci sabuwa, tsohona. Mai ƙarfi. Kuma a falo za a sa ta, a jikin talabijin, in ga waɗannan ɗari huɗun naka da idona."

Na ce ai bai kamata a yi gaggawa ba, gawa ko sanyi ba ta yi ba.

"Na riga na gaya wa Ebbe," in ji ta.

Ebbe ƙaninta ne, aikinsa ke nan haɗa kwamfutoci, kuma mutum ne da ba ya iya ganin lamba a allo bai karanta ta da ƙarfi ba. Jiya ya kira ni. "Mijin Yaya, na samo maka dodo. Wannan ko wasa dubu ka zuba mata ba za ta yi tari ba." Ya yi dariya, ni ma na yi wani abu mai kama da dariya. "Asabar ƙarfe uku zan kawo. Ka dai tuna kalmar sirrinka, kada ka ba ni kunya gaban Yaya."

Ga waɗanda ba su san harkar ba: marayun ba a cikin Gerda suke ba. Suna can a rajistar shagon da sunana. Duk injin da na shiga da shi, za su fito su jeru, da jimillarsu a sama. A talabijin ɗinmu wannan lamba za ta kai tsawon tafin hannu.

Na kira 'yarmu Asta da ke karatu a Aarhus. Na fara da tambayar lafiya da karatu, sannan na ce wani abokin aikina ne ke son sanin ko ana iya ɓoye wasanni.

"Baba," ta ce, "ni ce fa na buɗe maka asusun nan. Muna abota a ciki. Duk abin da ka saya yana fito mini."

Ta ci gaba.

"Kullum bakwai da minti biyu. Da shi nake sanin kana lafiya. Ranar da ba ka saya ba nakan kira Mama in ji ko ba ka jin daɗi ne. Na gyaran famfon nan ma sau biyu ka saya."

Na tambaye ta ko za ta taimaka mini mu ɓoye su kafin Asabar. Ta ce ko an ɓoye, kawu Ebbe zai gano cikin minti ɗaya, kuma ko da ba zai gano ba, ba za ta yi ba. Muryarta ta sauya. "Ban gaya mata ba saboda ina tsoron abin da kake tsoro. Amma kada ka bari ta gani a bango gaban mutane. Ka gaya mata da bakinka."

Abin da nake tsoro ba faɗa ba ne. Da Vibeke za ta yi ihu ta jefe ni da gwangwanin biskit, da na gode. Na san matata. Za ta dubi lambar, ta gyaɗa kai, ta ɗauki rigar sanyinta ta ce za ta ɗan fita. Gidan mai na ƙarshen layinmu, inda ake sayar da sigari, tafiyar minti biyar. Tarin da take yi da safe ya daina shekara uku ke nan, kuma tun ranar Talata nake kasa kunne ina jiransa.

Tun rasuwar ban sayi komai ba. Kwana biyu. Jiya ƙarfe bakwai ina zaune a falo, wayar na aljihuna tana mini nauyi kamar bulo, na tashi na zauna sau uku. Vibeke ta dube ni ta miƙo mini cingam. Ta ɗauka makoki ne. Sai a lokacin na ɗan ɗanɗana kwana biyu daga cikin shekara huɗunta.

Ga yadda za a yi jana'iza. Ranar Asabar ƙarfe goma na safe za a fito da marigayiya daga ɗakin ƙasa. Ni kaɗai zan ɗauko ta. Za a kai ta wurin zubar da tsofaffin kaya na ƙaramar hukuma, a sa ta a akwatin kayan lantarki, tsakanin injinan gasa burodi da wayoyin da suka riga ta. Ba a buƙatar rakiya, ba a buƙatar furanni. Vibeke ta ce za ta raka ni, don haka mu biyu ne a mota.

A hanyar dawowa zan gaya mata. Hanyarmu ta kullum minti goma sha biyu ce, kuma tana bi ta gaban gidan mai biyu da kanti ɗaya. Na duba taswira na samo wata da ke zagayawa ta bayan tafki, ta cikin daji, minti arba'in, babu inda ake sayar da komai. Ita za mu bi. Zan fara magana da mun wuce gada.

Za a karɓi gaisuwa a gida daga ƙarfe biyu, da kofi da kek ɗin kirfa. Masu shan taba a cikinku, ku biyun nan kun san kanku, ku bar ta a mota, har da ashana. In kun iso kun ga labule a buɗe, ku shigo, ku zauna har bayan Ebbe ya gama, kada kowa ya yi saurin tafiya. In kun ga labule a sauke, kada ku ƙwanƙwasa. Mutum ɗaya ya wuce gidan mai na ƙarshen layi ya tsaya a bakin ƙofa, in ya ga mace mai jar rigar sanyi tana zuwa, ya tare ta da hira har in iso.

Mai makoki,
Carsten Vinther