Yadda Za Ka Yi Wata Guda a Horon Gina Shafukan Intanet Ba a Gane Ba Ka Iya Komai Ba

Ka samu gurbi a shirin horar da masu gina shafukan intanet. An ba ka kwamfuta da kujera da kati mai hotonka na ratayawa a wuya. Abu ɗaya ya rage: ba ka san komai ba. Kwantar da hankalinka. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari babu mai gano ka kafin gwajin ƙarshen wata, ranar da ake sallamar waɗanda suka kasa.

A kan Lyuben na ga aikin matakan nan, wanda kujerarsa ke kusa da tawa a ajinmu na nan garin Plovdiv. Direban tirela ne da ya gaji da hanyar Jamus. Matarsa Ralitsa na da ciki, shi kuwa ya rantse ba ta waya zai riƙa ganin ɗansa ba. In aka sallame shi, sitiyari na jiransa.

Mataki na ɗaya: Ka mai da allon kwamfutarka baƙi

Farin allo na masu karanta labarin ƙwallo ne. Gwani a kan baƙi yake aiki, da ƙananan haruffa kore da ruwan ɗorawa. Ranar farko Lyuben ya roƙe ni na sauya masa, daga nan duk wanda ya wuce ta bayansa sai ya rage murya. Shi kansa ba ya ganin rubutun sosai, amma ba don a karanta aka yi shi ba.

Mataki na biyu: Ka haddace amsa biyu

Ta farko, "Ya danganta." Ta biyu, "A wajena yana aiki."

Malama Desislava ce ke koyar da mu, siririya ce mai magana a hankali, ta kusa zama sa'ar ƙanwar Lyuben. Duk abin da ta tambaye shi sai ya shafa haɓa ya ce ya danganta. Ita ma sai ta ce lallai ya danganta, ta wuce. Lyuben ya ce min ya gama da ita. Ni dai na lura tana kallonsa kamar yadda ake kallon tukunyar da aka san za ta tafasa.

Mataki na uku: In jan rubutu ya fito, ka yi tsaki

Jan rubutu na nufin ka yi kuskure, kuma yana gaya maka inda kuskuren yake. Kada ka karanta. Karatu aikin ɗan koyo ne. Ka yi tsaki, ka tura kujera baya, ka tafi shan kofi. Wani lokaci kafin ka dawo maƙwabcinka ya gaji da gani ya gyara maka. Ni ne maƙwabcin.

Mataki na huɗu: Ka bar dangi su yi maka talla

Surukin Lyuben, Baba Pencho, yana da shagon banitsa, wata wainar fulawa da ake gasawa a tanda, a bakin kasuwa, kuma tun ranar ɗaurin aure bai huce ba da 'yarsa ta auri direba. Da ya ji batun horon nan sai ya canza. Duk wanda ya zo sayen banitsa mai cuku sai an naɗe masa ita da labarin cewa surukin gidan injiniya ne. Nan da nan maƙwabta suka fara kawo wa Lyuben matattun wayoyi, wata tsohuwa ma ta kawo rediyo.

Ranar Lahadi, ana cin abinci, Pencho ya ce tunda kowa zai gina shafi ɗaya don gwaji, to na shagonsa za a gina. Lyuben ya amsa da baki cike. Bayan kwanaki Lyuben ya tura masa adireshin shafin, bai san wannan adireshin ba ya buɗewa sai a kwamfutarsa shi kaɗai ba. Pencho ya kira shi.

"Lyuben, na buɗe abin nan, fari fat nake gani."

"A wajena yana aiki, Baba."

"To ni a wajenka nake sayar da banitsa?"

Lyuben ya ce laifin wayar ne, ta tsufa. Washegari Pencho ya sayi sabuwa. Ka ga ke nan amsar nan har kasuwa take motsawa.

Mataki na biyar: Abin da ba ka iya ba, ka kwafo

Shafin ya samu hoto da suna, saura maɓallin da mai saye zai danna saƙo ya shiga wayar Pencho. Lyuben ya laluba intanet ya samo rubutun umarni da wani ya yi, ya kwafe shi ɗungurungum ya liƙa. Jan rubutu bai fito ba, ya ɗaga hannuwa sama kamar ya ci kofin duniya. Na ce ya gwada da lambar wayarsa tukuna. Ya ce a'a, so yake saƙon farko ya shiga wayar surukinsa a gaban jama'a. Gwani ba ya gwaji, gwani mamaki yake bayarwa.

Mataki na shida: Ranar gwaji, ka gayyaci surukinka

Pencho ya zo da kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya zauna a baya da sabuwar waya a kan gwiwa. Aka haska shafin a bango. Lyuben ya gyara murya, ya danna maɓallin. Wayar Pencho ta yi ƙara: an sayi faranti ɗaya. Muka tafa. Tsohon ya miƙe ya ɗan rusuna kamar shi ya yi aikin.

Sai wayar ta sake ƙara. Ta sake. Ta ci gaba ba tsayawa. Pencho ya dubi saƙonnin na shigowa, fuskarsa ta washe, ya fita da sauri. Daga baranda muna jin sa yana gaya wa matarsa Velichka ta kwaɓa duk fulawar da ke shagon, ta kunna tanda ta biyu, ta kira ƙanwarta ta zo taimako, gari ya waye musu.

Lyuben ya kai hannu zai rufe kwamfutar. Malama Desislava ta ce kada ya rufe, ya gyara. Ya shafa haɓa. Duk ajin muka jira ya ce ya danganta.

A nan ne ya saki koyarwata, kuma ban ba ka shawarar ka yi koyi da shi ba.

"Malama," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, "ban san abin da ke cikin nan ba. Kwafowa na yi. Tun da na zo ban gane komai ba."

Ba wanda ya yi dariya. Malama ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta ƙara girman haruffan, ta ce ya karanta mata layi-layi, da ƙarfi, ya faɗi abin da yake zaton kowanne ke yi. Ya sa yatsa a kan allo ya fara, yana tuntuɓe tana ɗaga shi. Can ya iso wani layi da ke cewa a tura saƙo, a koma a sake turawa. Ya karanta shi sau biyu. Ya duba ƙasa, ya duba sama.

"Motar nan ba ta da birki," ya ce.

"To sa mata."

Da yatsa biyu ya rubuta. Jan rubutu ya fito, ya karanta shi, ya ga ya manta alama ɗaya, ya sa. Ƙarar da ke zuwa daga baranda ta ɗauke.

Mataki na bakwai: Ka tanadi abin da za ka gaya wa mai fulawa

Ba a sallami Lyuben ba. Malama ta ce daga gobe kujerar gaba zai koma, kuma kullum sai ya kawo mata tambaya, ta gaske.

Pencho ya dawo yana tambayar me ya sa masu saye suka tsaya. Aka yi masa bayani cewa duk mutum ɗaya ne, ga shi nan zaune. Tsohon ya dubi surukinsa. Sannan ya tambayi Malama ko yaron zai iya nan gaba. Ta ce yau ya fara. Pencho ya sa wayar a aljihu, ya ce to tunda an riga an kwaɓa, kowa ya biyo shi shago.

Mun ci banitsa ranar har muka kasa miƙewa, washegari ma ita aka kawo aji, haka ma ranar da ta biyo baya. Ralitsa ta yi dariya har ta riƙe tebur. Velichka kuwa ba ta yi ba.

Gargaɗi

Na yi alkawarin ba za a gano ka kafin gwaji ba, ban ce komai a kan ranar gwajin kanta ba. Duk abin da ya same ka, na kora ko na kunya ko na kujerar gaba, kai ka jawo, ba ruwana. Musamman ba ruwana da surukarka. Velichka ta ce ta yafe wa Lyuben, amma har yau in ya je gidan cin abinci, sai ta zuba masa, ta sake zuba masa, ta sake, ba ta ajiye ludayin sai ya ce da bakinsa bai iya ba.