Gwabzawar Alhaji Tanimu da Kututturen Kirya

Da sunan Mai Sama muke buɗe labarin gwarzo ɗan gwarzo, Alhaji Tanimu ɗan Haladu ɗan Barau Mai Gizago, jikan masassaƙan Malumfashi waɗanda itatuwan daji ke karkarwa in sun ji tarinsu. Sadauki, fasihi, hatsabibi, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin haƙa rijiyoyin burtsatse, ya yi ritaya bai taɓa sassaƙa ko muciya ba.

Asalin wannan yaƙi shi ne, turmin uwargidansa Hajiya Kuluwa ya tsage ana shirin sunan jikansu na fari. Ta ce a sayo sabo a kasuwa. Jinin kakanni ya motsa, Alhaji ya miƙe a gaban surukansa ya yi rantsuwa cewa furar suna a turmin hannunsa za a daka ta, ko kuwa kada a sake kiransa jikan Barau. Tun bai zauna ba ya fara nadama, amma magana ta riga ta fita.

Aka jawo masa kututturen kirya, baƙin arne mai taurin kai. Ya ɗaura ɗamara, ya zaro gizagon gado, ya yi kururuwa, “Yau ko ni ko kai!” Saran farko ya sauka a ƙasa, na biyu ya tafi da bakin silifas ɗinsa. Amma namiji bai ja da baya ba. Ya yi ta gwabzawa safe da yamma, tafin hannu ya yi bororo, ƙugu ya riƙe har sallah sai a zaune, sannu a hankali hannu ya faɗa, rami ya buɗe, abu ya ɗauki kamannin turmi. Daɗi ya kama shi ƙwarai. Sai dai kash, wanda ya saba haƙa rijiya bai san inda ake tsayawa ba. Kullum ya leƙa sai ya ga da sauran zurfi, ya ƙara sara.

Ranar daka, mata suka cika tsakar gida, dangin uban jariri na gefe suna kallo. Alhaji ya tsaya a bakin zaure cikin babbar riga yana jiran guɗa. Hajiya ta zuba gero, ta yi bisimilla, ta ɗaga taɓarya ta sauke. Sai aka ji fus! Taɓarya ta zarce har ƙasa.

Hajiya ta ɗaga turmin, gero ya yi zamansa a ƙasa, kaji suka rugo. Ta saita ramin daidai fuskar mijinta, ta leƙa.

“Alhaji, sannu da aiki. Ga ka can ina hango ka.”

Kunya ta lulluɓe jikan Barau tun daga hula har ƙafa. Shi da kansa ya je maƙwabta aron turmi, kuma shi ya mirgino shi har gida.