Ranar da Kwamfuta Ta Tona Mini Asiri a Gaban Baban Safiya

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Gyaɗi-Gyaɗi ba, kuma ko na so in manta, akwai waɗanda suka ɗauki nauyin tuna mini duk bayan kwana biyu.

A lokacin ina aikin buga takardu a wani shago a Tarauni, in buga wa wannan takardar neman aiki, in buga wa wancan katin ɗaurin aure. Amma abin da ya ɗauke mini hankali shi ne demo. Ga wanda bai sani ba, demo ɗan ƙaramin shiri ne da mutum yake rubuta wa kwamfuta, idan aka kunna sai ta riƙa zana hotuna masu motsi tana fitar da kiɗa da kanta nan take. Ba bidiyo ba ne, lissafi ne zalla. Ba a sayar da shi, ba ya maganin komai. (Mahaifiyata ta taɓa tambayata, "To idan ya gama jujjuyawar, sai me?" Na ce sai a tafa. Ta ce Allah ya shirye ni.)

Mu bakwai ne masu wannan lalura. Duk Asabar bayan la'asar muna haɗuwa a shagon Yaya Kabiru, mai gyaran kwamfuta a Gyaɗi-Gyaɗi. Babbanmu shi ne Malam Bulus, mutumin Filato, malamin lissafi, shi yake zuwa da majigin da muke haska aikinmu a jikin bango. Sai kuma Safiya, ƙanwar Yaya Kabiru, wadda take haɗa mana kiɗa. Za ta zauna a kusurwa, ta ɗora abin sauraro a kan hijabi, tana kaɗa biro a tebur, duk duniya ba ta gabanta. Shekara ɗaya da rabi ina son yarinyar nan, amma maganar da ta fi tsawo da na taɓa yi mata ita ce, "Kiɗan ya yi."

Muna da 'yar gasa da muke yi sau ɗaya a shekara, wanda ya ci a saya masa tsire. A wannan shekarar na ci alwashin sai na nuna ni ma ɗa ne. Wata biyu na yi ina haɗa demo na zanen hula: zare ɗaya ya fito daga duhu, ya saƙa kansa, ya zama zanen zanna, ya warware ya koma wani. Safiya ta ba ni kiɗa mai sanyi, kamar sarewa daga nesa.

To a al'adar masu demo, akwai rubutun da yake wucewa a ƙasan allo, inda mutum yake gaida abokansa. Kafin ka rubuta gaisuwar gaske, dole ka sa wani dogon rubutu don ka gwada tafiyar haruffan. Mai hankali sai ya sa karin magana, ko sunayen unguwanni. Ni kuwa, da yake daga ni sai kwamfutata, sai na riƙa rubuta abin da ke raina. Yau in ƙara layi, gobe in ƙara biyu. Ana gobe gasa na goge shi tas, na sa gaisuwa ta mutunci. Matsalar ita ce fayil huɗu gare ni: "na ƙarshe", "na ƙarshe biyu", "na ƙarshe sosai", da "na ƙarshe wallahi". (Har yau ban san me ya sa na amince da mai rantsuwar ba.)

Ranar gasa na iso shagon na tarar da kujerar roba a gaba, wani dattijon Alhaji a kai, farar riga, tabarau a aljihu. Yaya Kabiru ya ce mini a hankali, "Baba ne. Ya ce yau sai ya ga abin da yake hana mu zaman gida ranar Asabar." Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ba tare da ya motsa ko gira ba.

Aka rufe ƙofa don a samu duhu, aka nuna na mutum uku, sai aka zo kaina. Na haɗa kwamfutata da majigi, na danna. Zaren ya fito, kiɗan ya taso. Na ji Malam Bulus ya ce, "Kai!" Kaina ya fara kumbura. Sai haruffa suka fara shigowa daga gefe, kowane ɗaya ya kai girman kwano.

"Gwaji, gwaji, ɗaya, biyu, uku."

Nan take na gane tsohon fayil na kunna. Alhaji kuwa ya zaro tabarau ya saka, kuma ashe yana cikin mutanen nan da ba sa iya karatu a zuci.

"Safiya," ya karanta da ƙarfi, kalma ɗaya bayan ɗaya, "idan kina kaɗa biron nan, lissafi ɓace mini yake yi. Jiya na bi ta layinku sau uku, na ce wa mai Adaidaita na ɓata hanya."

Na danna madannin fita. Shiru. Sai na tuna ni da kaina na cire aikinsa daga shirin don fayil ɗin ya ƙara ƙanƙanta, har ina alfahari. Na duƙa ƙarƙashin tebur na fizge waya, fanka ta tsaya. Na kai hannu zan rufe kwamfutar, Malam Bulus ya riƙe mini wuyan hannu, kafaɗunsa na rawa. "Ƙa'ida ce," in ji shi, "ba a katse demo."

"Ina tsoron Yaya Kabiru," Alhaji ya ci gaba. Yaya Kabiru ya juyo ya dube ni. "Babanku kuwa ban taɓa ganinsa ba, amma an ce fuskarsa kamar ta alƙalin da bai karya kumallo ba."

Wani ya yi tari. Wani ya fita waje da gudu, muka jiyo dariyarsa daga titi. Safiya ta ja hijabi ta rufe fuska, ta miƙe ta fice ta ƙofar baya. Ni kuwa ina tsaye kamar an dasa ni, gumi har cikin takalmi, ina roƙon Allah a ɗauke wuta. Unguwar da ake ɗauke wuta sau biyar a yini, ranar ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Saura layi biyu, kuma na san su. Da suka shigo, Alhaji bai karanta su da ƙarfi ba. Kowa ya karanta wa kansa: "Ba ni da abin da zan nuna miki sai waɗannan zane-zanen. Kuma su ma ba su da rai sai kiɗanki ya shiga."

Kiɗan ya ƙare, bango ya yi baƙi, ba wanda ya tafa. Alhaji ya cire tabarau ya naɗe a hankali.

"To wannan shi ne lissafin da kuke yi?" ya tambayi Yaya Kabiru. Sannan ya juyo gare ni. "Malam, wane ne mahaifinka?"

Na faɗa masa, muryata kamar ta ɗan tsako.

"Madalla. Kuma na karya kumallo. Fuskar ce haka."

Ban san yadda na fita ba. A ƙafa na koma Tarauni, na bar kwamfutar da jakata a can. Asabar uku ban leƙa ba, ko hanyar da ta nufi Gyaɗi-Gyaɗi ba na bi. Sai wata Laraba ina tsakiyar buga wa wata mata takarda, ga Malam Bulus da jakata a kafaɗa. Ya ajiye, ya ce na zo na biyu a gasar, an cinye tsiren. Sannan ya miƙo mini wata 'yar takarda a ninke.

Rubutun Safiya ne: "Na fita kafin ƙarshe. An ce ƙarshen ya fi kyau. Ka zo ka faɗa da bakinka, amma ka fara ta wajen Baba."

Na karanta sau huɗu, matar nan tana jiran takardarta. Malam Bulus ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, ni shekara biyu na yi kafin in yi wa matata Maman Rahila magana, kuma ba ni da kwamfutar da za ta taimake ni."

Na je. Kawuna ya raka ni a karo na biyu. Yanzu Safiya tana haɗa kiɗanta a ɗakinmu, 'yarmu tana ja mata wayar abin sauraro.

Abin da na koya shi ne, idan kana da magana ka faɗe ta da bakinka tun da sauran mutuncinka. Kwamfuta amana gare ta, duk abin da ka ba ta za ta riƙe maka, sai dai ba ta da kara, kuma ba wanda ya koya mata kunyar suruki.