Cigiyar Akwatin Maƙabarta

Kallon barewa ya kai ni wata tsohuwar maƙabarta a Washington, sai na ga akwatin roba a kogon bishiya, cike da kayan wasa. Ni da na haddace hukuncin tsintuwa, ai ba na wuce dukiyar mutane. Na ɗauko shi, na miƙe bayan sallar Juma'a a Hyattsville na yi cigiya, har da gyaran murya.

Wani injiniya ya dafe kai. "Alhaji, wasa ne. Da gangan ake ɓoye shi, a nemo da waya, a mayar. Jiya wuni na yi da yarana muna nemansa."

Har yau ko takalmi mutum ya cire a ƙofar masallaci, sai a ce, "Riƙe abinka, kada Alhaji ya tsince."