Rasuwar Fiyanon Falo, da Wanda Ya Ɗaure Masa Sukurori

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, tsohon bakaniken gidan nan yake sanar da rasuwar fiyanon falo, mai shekara arba'in da ɗaya, wanda ya yi rayuwarsa a tsaye jingine da bango.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya ɗauki hotuna da tulun furanni a kansa, bai taɓa ƙorafi ba. A hannun uwargida, Allah ya jiƙanta, ya koyar da yaran unguwa. Bayanta ya koma hannun jikarsu, wadda ke shirin jarrabawar kiɗa ranar Asabar.

Ciwon ba wani ciwo ba ne, madanni ɗaya ne yake nauyi. Mai gyara ya ce a jira shi, kada kowa ya taɓa. Mai sanarwa, da ya shekara talatin yana kwance injin mota, ya ga wannan ai raini ne. Ranar Litinin da hantsi, gida ba kowa, ya buɗe cikin marigayin, ya tarar da sukurori a jere, kowanne da tsayinsa. Ya ce lallai sakaci ya yi yawa. Ya ɗaure su tamau, ya bi 'yan gudumomin da ke bugun wayoyinsa da man keken ɗinki. Ashe da gangan aka bar kowanne inda yake. Karambanin akuya, gai da kura.

Marigayin ya ce "tuf" sau biyu, bai ƙara ba.

Ya bar madannai tamanin da takwas, duk a durƙushe, da kujera ɗaya, da jikar da ta dawo daga makaranta ta danna ta ji shiru. Ta ce, "Kaka, ni ce ko? Jiya na buga da ƙarfi." Mai sanarwa kuwa, don rashin ta ido, ya ce kowa da ranarsa. Kwana uku ke nan tana ture abinci, yana kallo, sukundireba na aljihunsa.

Za a ɗauki gawar gobe da safe zuwa shagon mai gyara, wanda ya leƙa ciki ya girgiza kai kawai. Maƙwabciya ta yarda yarinyar ta yi bita a nata fiyanon kafin Asabar.

Ba a neman masu ta'aziyya. Takarda ɗaya aka rubuta, an ajiye ta a kan murfin, inda jikar take ɗora littafinta, an danne da sukundireban. Abin da ke cikinta: Ba ke ba ce, 'yar nan.