Ranar da Na Yabi Darakta

A majalisarmu ta Kiru, idan na yanke wa fim hukunci ba a ɗaukaka ƙara. Wata rana muna kallo a ɗakin Sani, yayan wadda nake nema, sai fuskar jarumar ta tsaya cak, ko ƙiftawa babu.

Na gyara zama na ce, "Wannan shi ne darakta! Da gangan ya tsayar da ita, don baƙin cikinta ya ratsa mu. Wanda bai gane ba ya koma kallon ƙwallo."

Kowa ya gyaɗa kai. Can Sani ya miƙe ya bubbuga na'urar. "Malam, faifan ne ya maƙale."

Auren dai an yi. Amma har yau, ko mota ce ta mace mana a hanya, sai matata ta ce, "Ƙyale ta, aikin darakta ne."